Ƙullin Laraba

Gwaggo ta rasu ranar Laraba, tsakanin azahar da la'asar, tana zaune a kan tabarmarta a gindin bangon madafi, da faifan wake a cinyarta tana tsincewa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yayar mahaifina ce, kuma ita ce ta ƙarshe da ta rage a ɗakinsu.

Kwana uku muka yi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, kuma kusan duk wanda ya zauna ya shafa fatiha, da ya buɗe baki sai maganar abinci ta fito. Wani tsohon direba ya taso tun daga Faskari. Ya ce shekara da shekaru ya ci tuwonta a tasha, lokacin da take sayarwa, kuma bai taɓa zuwa ya tarar miya ta ƙare ta bar tuwo ba, ko tuwo ya ƙare ya bar miya. Mai injin niƙa na unguwarmu ya ce, “Ni dai na huta da awo, amma ban so hutun ba. Sau ɗaya take kawo niƙa a mako. In ta karɓa sai ta ɗaga buhun da hannu ɗaya, ta dube ni, ta ce, ‘Ɗan nan, injinka ya ci nashi ko?’” Mutane suka yi dariya, sannan suka tuna inda suke, suka yi shiru.

A cikin gida kuwa, an ce min abokan aikin mai ɗakina sun zo da fararen kayansu, sun zauna a layi suna share hawaye. Wata maƙwabciyarmu, wadda ta baro ƙauyensu wajen Pauwa da 'ya'yanta saboda rashin kwanciyar hankali, ita ta fi kowa kuka. Tana ta cewa, “Na takwas ya tafi, na takwas ya tafi.” Baƙi ba su gane abin da take nufi ba. Mu 'yan gida mun gane.

Yayana, wanda ke zaune a Sabuwa, bai ce komai ba sai ranar uku, da mutane suka ragu. Ya matso kusa da ni ya ce, “To, ginshiƙin ya faɗi. Yanzu wa zai riƙe maka gidan in matarka tana can asibiti? Maganar da na faɗa maka shekara shida da suka wuce tana nan.”

Dole in faɗi maganar, domin ita ce ta kawo Gwaggo gidanmu.

Ni faci nake yi a tashar Kankara. Mai ɗakina kuma tana aiki a wani ƙaramin asibiti ta hanyar Yargoje, tana awon masu ciki da karɓar haihuwa. Ta sha wuya kafin ta sami wannan aiki, kuma tana son shi. 'Ya'yanmu huɗu. A wancan lokaci sai dab da magariba take sauka daga mashin, ƙafafunta duk jar ƙasa. Tana ajiye jaka sai ta tsaya a tsakar gida ta ce, “Yau me za a dafa?” A duba gari, babu. A tafi niƙa, a tarar da layi. A sayo ɗan barkono da ɗan daddawa a wurin mai tebur, a kuɗin da a kasuwa zai sayi ninkinsa. Kafin tuwo ya sauka ƙananan sun yi barci da yunwa, sai a tashe su suna ci suna gyangyaɗi. Wata bai kai rabi ba, abin hannunmu ya ƙare. Ni kuma ina zaune a kan benci a zaure ina jira, ina ƙara cika.

Na kai ƙara wurin Yaya. Ya ce maganin abu ne mai sauƙi, ta ajiye aikin ta zauna. Muka ga in babba ta faɗa mata zai fi nauyi, sai muka aika wa Gwaggo a Faskari. Ta zo da ƙullin kayanta na mako ɗaya. Shekara shida ta yi.

Kwana uku ba ta ce uffan ba. Tana zaune, tana jan carbi, idonta na bin kowa. A rana ta huɗu ta kira ni. Ba ta taɓa kama sunana ba, don sunan mahaifinta aka sa min.

“Mai sunan Baba, zo nan. An ce in zo in zaunar da ɗiyar mutane, ko?”

Na ce haka ne.

“To na duba, ban ga laifin aikinta ba. Gidanku ne kullum yake farawa daga farko, kamar jiya ba a ci abinci ba, kamar ba a san gobe za a ci ba. Tuwo ba ya cin lokaci. Tsayuwar ‘mi za a dafa’ ita ke cin lokaci. Ranar kasuwa ka rufe facin nan da wuri, ka ɗauko buhu ka biyo ni.”

A kasuwa na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, ni da aka haifa a garin. Gwaggo ba ta shiga da safe. Sai bayan la'asar, lokacin da masu kaya ke duban hanya suna son komawa ƙauye ba tare da sun sake ɗaukar kaya ba. Ba ta sayen abu a ƙullin leda, sai a tiya ko rabin tiya. Daddawa sai ta shinshina. Kuka sai ta murza a tafin hannu ta duba korenta. In tumatir ya yi araha ta sayi kwando, a yanka a shanya a kan rufi, haka kuɓewa, haka tattasai. Wani mai barkono ya taɓa ce mata, “Hajiya, a haka ai faɗuwa zan yi.” Ta ce, “In ka hwaɗi ina nan, zan tashe ka. Zuba.”

Da muka dawo ta shimfiɗa tabarma. Ta yayyaga tsofaffin zannuwanta, ta wanke, ta fitar da ƙyallaye takwas, kowanne da kalarsa. Ta daka daddawa da barkono da gishiri wuri guda. A kowane ƙyalle ta zuba kayan miyar rana ɗaya, abin kaɗi kuma, kuka ce ko kuɓewa ko karkashi, a nasa ɗan ƙullin a ciki. Ta ɗaure, ta jera su a cikin wata tsohuwar tukunyar ƙasa, ta rufe da faifai. Garin mako duka aka niƙo rana ɗaya, ta ajiye gwangwanin awo a bakin buhun, ta nuna mana iyakar inda za a cika shi.

Ta tambayi mai ɗakina, wadda take kira Likita, “Wace rana ce ta fi ba ki wuya?”

Ta ce Laraba, ranar awon masu ciki, wani lokaci sai an kira magariba tana hanya.

“To Laraba kuka. Ruwa ya tafasa, ki juye, ki kaɗa, kin gama. Ranar wuya ba a yi mata girkin wuya.”

Dambu da taushe da duk abin da ke son zama, ta tura su ranakun da babu aiki. Ranar wake, tun da safe ake jiƙa shi kafin kowa ya fita. Tuwon dare kullum a ƙara masa gwangwani ɗaya, don a sami ɗumamen safe. Dokarta ɗaya ce a kan tukunyar nan: ba a kwance ƙullin gobe yau. A kan wannan ta taɓa yin kwana biyu ba ta yi wa mai ɗakina magana ba, don ta ɗebi daddawar Alhamis ta ƙara a miyar Laraba. Gwaggo tana da riƙo, ba zan ɓoye ba. Kuma hannunta a kan man gyaɗa, in ka ga tana zubawa sai ka ɗauka maganin ido take ɗigawa. Amma ranar sallah da kanta take kife tukunyar ta ce, “Yau babu ƙulli, ku ci har ku manta da ni.”

Rigimata da ita a kan wuta aka yi. Wata rana na dawo da wuri, na zauna a zaure kamar yadda na saba. Ta leƙo.

“Mai sunan Baba, wa ya riga isowa gida yau?”

“Ni ne, Gwaggo.”

“To wanda ya riga isowa shi ke hura wuta ya ɗora ruwa. Tashi.”

Na ce, “Haba Gwaggo, da gemuna? In wani ya shigo ya gan ni a gindin murhu fa?”

“Mai shayin tasharku mace ce?”

“A'a.”

“Mai tsire fa? Mai wainar bakin kasuwa da kake yabo?”

“Ai su sana'a suke yi.”

“Au, in za a ba ka kuɗi wuta ba ta ƙona gemu, sai in ɗiyanka za su ci? Ka wuni kana hura wa tayar mutane iska. Hura wa murhunka.”

Na yi fushi, na fita, na je na zauna a masallaci har aka yi isha'i. Da na dawo na tarar an ajiye min tuwona a rufe. Washegari na riga kowa isowa. Na duba hagu na duba dama, na rufe ƙofar zaure, na durƙusa. Hayaƙi ya sa ni hawaye. Tana daga kan tabarma tana cewa, “Ba a cusa icce kamar ana tsoron shi. Bar mashi hanyar numfashi.” Da mai ɗakina ta shigo ta ga ruwa na tafasa, ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta nuna ni da haɓa. A ranar yara suka ci tuwo idonsu biyu, har suka yi faɗa a kan ƙanzo.

Ba a sake maganar barin aiki ba. Da Yaya ya tambaye ta yadda aka yi da saƙon da aka ba ta, cewa ta yi, “Na isar. Ga wanda ya kamata.”

Wajen shekara biyu da suka wuce na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ni kaɗai ne a gidan ba na iya riƙe wane ƙyalle ne na wace rana, don haka da hannuna ya ɗan faɗa, na sami kwali na rubuta ranakun mako da abincin kowace rana. Kwana uku na yi ina yi. Na kafa shi a bangon madafi da ƙusa, na kira su su gani. Mai ɗakina ta tsaya tana karantawa da ƙarfi, tana ƙunshe dariya. Da ta zo tsakiya sai ta ja murya ta ce, “Laraba, kuka,” amma da muryar kukan hawaye ta faɗe shi, ba kukar miya ba.

Gwaggo ta ajiye carbi. “Mi ka rubuta mana ranar Laraba?”

Na ce kukar miya nake nufi. Ta ce to me ya sa Likita ta karanta wancan? Washegari a aji na tambayi malaminmu. Ya ce a boko duka biyun haruffansu ɗaya ne, ba a rubuta hawa da saukar murya, sai dai a gane kalma ta wurin maƙwabtanta. Na dawo na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, “To ka ba ta maƙwabciya. Kada ka bar min kuka shi kaɗai a bangon gida.” Wuri ya riga ya ƙare a kwalin, sai na matsa na rubuta “miyar” da ƙananan haruffa a sama, da fensir. Ta sa na nuna mata wurin da yatsa, ta duba kamar mai karatu, ta ce yanzu ya yi.

Ƙulli na takwas shi ne na baƙo. In mako ya ƙare baƙo bai zo ba, ba a mayar da shi cikin na gaba. Da gwangwanin gari biyu take haɗa shi, ta sa a ƙarƙashin mayafi, ta ce za ta je gaida maƙwabta. Sai bayan rasuwarta maƙwabciyar nan ta wajen Pauwa ta faɗa mana yadda take yi. Ba ta taɓa cewa ga sadaka ba. Cewa take, “Ɗiyata, ɗanɗana min wannan daddawar, ina jin an cuce ni a kasuwa.” Mako bayan mako ana cutarta a kasuwa, har shekara uku.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a kaina. Da zaman Gwaggo ya yi tsawo, na saki dokar wuta. Tunda kullum tana gida, ita ce mai riga kowa isowa. Na koma bencina a zaure. Ita ke ƙulli, ita ke jiƙa wake, ita ke ɗora ruwa, da ƙafarta mai ciwo. Ta taɓa ce min, “Mai sunan Baba, ni fa baƙuwa ce. Ka zo ka ga yadda ake ɗaurin nan.” Na ce to, sai wani makon. Wani makon bai zo ba.

Ranar da aka kai ta, na shiga madafi neman buta, idona ya faɗa kan kwalin. Hayaƙin shekara biyu ya cinye rubutun fensir. Abin da ya rage a layin, da manyan haruffana, shi ne: Laraba, kuka. Na daɗe a tsaye a wurin.

Bayan an yi bakwai, kwanukan maƙwabta suka daina shigowa. Mai ɗakina ta same ni da wata takarda a ninke. Ta ce, “Maigida, na rubuta ta barin aiki. Zan ƙarasa watan nan in miƙa. Ba don maganar Yaya ba. Na san yadda gidan nan yake kafin Gwaggo, ba zan iya sake tashin yara daga barci su ci tuwo ba.” Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Na san abin da aikin nan yake a wurinta. Na san matan da ke tsayar da ita a hanya su nuna mata yaran da ta karɓa.

Na ce, “Ki ba ni Laraba ɗaya.”

Ta ce, “Ka yi me da ita?”

Na ce ta dai ba ni.

Tun rasuwar babu wanda ya iya ɗaga faifan da ke kan tukunyar ƙasa. Na ɗaga. Ƙullin da ta yi na makonta na ƙarshe suna nan, daga na Laraba zuwa ƙasa, da na takwas. Na ɗauki na Laraba, shuɗin ƙyalle, na kwance shi a hankali. Ɗaurinta ya yi tauri, sai da na sa haƙori. Na auna abin da ke ciki da cokali, daddawa nawa, kuka nawa, na rubuta a bayan littafina na aji, sannan na mayar na ɗaure, na ajiye shi sai Laraba, sauran kuwa muka dafa kowanne a ranarsa. Ranar kasuwa na rufe faci, na shiga bayan la'asar. Mai barkono ya gane buhun. Ya zuba, ya ƙara hannu ɗaya, ya ce, “Wannan na Hajiya ne.”

Yaya bai koma Sabuwa ba tukuna. Ya shigo ya same ni a kan tabarmarta da turmi a gabana da ƙyallaye a baje. Ya tsaya.

“Me nake gani haka?”

“Ƙulli nake yi, Yaya.”

“A gaban 'ya'yanka? Abin da ya rage ka ɗaura zane.”

Ban ɗaga kai ba. Na ce, “Yaya, mai shayin tasharku mace ce?”

Ina jin ya gane muryar wadda ta yi tambayar. Can sai ya ce, “Wancan ɗaurin zai kwance. Sau biyu take zagayawa.” Ashe shi ma ya taɓa zama kusa da tabarmarta yana yaro. Bai taya ni ba, amma bai fita ba sai da na gama na takwas.

Ranar Laraba na dawo tun la'asar. Ban rufe ƙofar zaure ba. Na hura wuta, na ɗora tukunya biyu. Na yi talge kamar yadda na sha gani, na zuba gari, na kama muciya. Ban san tuƙin tuwo yana cin kafaɗa haka ba, ni da nake ɗaga tayar babbar mota. A ɗaya tukunyar na juye ƙullin Gwaggo na ƙarshe, na ɗiga mai kaɗan kamar tana kallona, na kaɗa kukar da maburgi.

Ana kiran magariba mai ɗakina ta sauka daga mashin. Ta shigo da sallama, ta tarar da yara zagaye da kwano. Ta ajiye jaka, ta wanke hannu, ta zauna. Ta gutsuri tuwon, ta murza shi a yatsa, gudaji ya fito fari. Ta dangwali miya ta kai baki. Sai ta tsaya da tauna.

“Tuwon naka ne,” ta ce. “Miyar tata ce.”

Na ce ta ƙarshe ke nan. Daga gobe duk nawa ne, da daɗi ko babu daɗi.

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Ƙaramarmu ta dube ta, ta dubi kwalin bango, ta dube ni. Muka ci gaba da ci har kwanon ya ƙare. Da ta tashi, ta buɗe jaka, ta ciro takardar nan a ninke, ta miƙo min.

“Gobe in ka riga ni isowa, ka tashi wutar da wannan. Kuma ka riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan, ba gini kake yi ba.”

Na tashi wutar da ita. Yanzu mako na tara ke nan ina ƙulli. Gudajin ya ragu. Na takwas babbar 'yarmu ke kaiwa, ta ce a ɗanɗana mana, muna jin an cuci Baba a kasuwa. Kwalin kuma na sake sabo, na bar wa Laraba wuri mai faɗi, na rubuta “miyar kuka” da biro, duka biyun da manyan haruffa.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta. Yadda ba ta bar gidan kowa ya kwana babu wuta ba, Allah kada Ya bar kabarinta babu haske. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa cin tuwonta ko bai taɓa ba, ya sa ta a addu'a.